Wa ke rubuta ma'anar ta'addanci, kuma wace ƙofa take buɗe wa gwamnati?

Mutumin da ya harbe wani saboda rikicin gado, da wanda ya harbe wani don jama'a su tsorata su ƙaurace wa rumfar zaɓe, kowannensu rai ɗaya ya ɗauka. Amma da zarar jami'in tsaro ya rubuta kalmar "ta'addanci" a takardar na biyun, hanyarsu ta rabu. A Birtaniya, na farkon ba za a riƙe shi fiye da awa 24 ba tare da tuhuma ba, in an tsawaita ƙwarai ya kai awa 96. Na biyun ana iya riƙe shi kwana 14. Ana iya rufe asusunsa na banki, a binciki duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi, a kama wanda ya san shirinsa bai kai rahoto ba. A wasu ƙasashen kotun soja za a kai shi, maganar beli kuwa ba ta taso ba.

Saboda haka gardama kan ma'anar ta'addanci ta wuce gardamar masana harshe. Kalmar mabuɗi ce ta ɗakin da aka kulle iko na musamman a ciki, irin ikon da tsarin mulki ya hana gwamnati taɓawa a ranakun lafiya. Gwargwadon faɗin ma'anar, gwargwadon yawan mutanen da ikon zai hau kansu. Kuma a kusan ko'ina, mai amfani da mabuɗin shi ne maƙerinsa.

Asalin kalmar a harsunan Turai yana da abin lura. Daga juyin juya halin Faransa ta fito, tsakanin 1793 da 1794, lokacin da gwamnatin su Robespierre ta mai da tsoro makamin mulki. A watan Satumban 1793 aka kafa dokar da ta halatta kama mutum kan zargi kawai. A watan Yunin 1794 aka ƙara wata da ta hana wanda ake tuhuma ɗaukar lauya, ta bar wa kotun hukunci biyu tak: saki ko kisa. Kimanin mutum dubu 17 aka kashe da hukuncin kotu. Ke nan ɗan ta'adda na farko da aka kira da wannan suna jami'in gwamnati ne. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 kalmar ta juya ta koma kan masu kai wa hukuma hari. Kalmarmu ta Hausa ita kuma ta wata ƙofa ta shigo: ta'adda tana nuni ga ƙetare iyaka da ɓarna da gangan, ba ta ambaci tsoro ba. Shi ya sa a bakin jama'a ɗan fashi ma ɗan ta'adda ne, mai garkuwa da mutane ma haka. A hira babu laifi. A cikin doka kuwa wannan faɗin shi ne matsalar.

Ƙasashen duniya sun shafe kusan shekara casa'in suna neman ma'ana ɗaya, ba su samu ba. Bayan kisan Sarki Alexander na Yugoslabiya a Marseille a 1934, tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta tsara yarjejeniya a 1937, amma ba ta taɓa fara aiki ba. Majalisar Ɗinkin Duniya da ta gaje ta sai ta kauce wa tambayar, ta riƙa bin ayyuka ɗaya bayan ɗaya: fashin jirgin sama a 1970, garkuwa da mutane a 1979, tayar da bam a 1997, samar da kuɗi a 1999, makaman nukiliya a 2005. Daftarin cikakkiyar yarjejeniya da Indiya ta gabatar a 1996 har yau yana kan tebur. Abu biyu suka cije. Na farko, shin masu yaƙar mamaya ko mulkin mallaka suna ciki? Yarjejeniyar da ƙasashen Afirka suka amince da ita a Aljiyas a 1999 ta cire su ƙarara a sashe na 3, ƙasashen Yamma kuwa ba su yarda da wannan togaciya ba. Na biyu, shin sojojin gwamnati suna ciki? A nan manyan ƙasashe ne suka ce a'a.

Abin da ya faru a 2001 shi ya mai da wannan giɓi babbar magana. Ranar 28 ga Satumba, kwana 17 bayan harin New York da Washington, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa ta mai da ta'addanci da ɗaukar nauyinsa babban laifi, ta rufe asusun masu yi, ta kawo rahoto cikin kwana 90. Ƙudurin bai ce ga abin da ake nufi da ta'addanci ba. Kowace gwamnati aka miƙa mata wuƙa da nama. Sai a 2004, cikin ƙuduri na 1566, kwamitin ya kawo wani bayani mai ɗan tsauri, lokacin da ƙasashe da yawa sun riga sun rubuta nasu.

Ma'anar da ta fi samun karɓuwa a hannun masana shari'a tana cikin sashe na 2 na yarjejeniyar 1999, kuma ƙafa uku take tsaye a kai. Akwai aikin kansa: wanda aka yi da nufin kisa ko jikkata mutum ƙwarai. Akwai wanda aka nufa: farar hula, ko duk wanda ba ya cikin faɗa. Akwai manufa: tsorata jama'a, ko tilasta wa gwamnati ko ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta yi wani abu ko ta bari. Dole ukun su haɗu a lokaci guda. Duk mai son sanin ko dokar wata ƙasa tana da lafiya, ya ɗauko ta ya duba wace ƙafa aka sassauta.

A ƙafar farko, dabarar da aka fi yi ita ce a ƙara jerin ayyuka. Daga kisa da jikkatawa sai a shigo da lalata dukiya, daga nan sai "katse ayyukan jama'a", daga nan sai "dagula zaman lafiya". Dokar Habasha ta 2009 ta sa katse ayyukan jama'a a cikin jerin. Dokar Masar mai lamba 94 ta 2015 ta ambaci dagula tsarin jama'a da cutar da haɗin kan ƙasa. To, wane yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ne ba ya katse ayyukan jama'a? Wace zanga-zanga ce ba ta tare hanya? Idan aka kai nan, bambancin da ke tsakanin mai dasa bam da shugaban ƙungiyar ƙwadago ya koma ga ganin damar mai gabatar da ƙara. Kanada da Ostareliya sun gane haɗarin, suka rubuta a cikin dokokinsu cewa zanga-zanga da yajin aiki da adawa ba sa shiga, muddin ba a nufi kisa ko jefa rayuka cikin haɗari ba. Layi biyu ne kawai, amma rashinsu ya kai mutane da yawa kurkuku a wasu ƙasashe.

Ƙafa ta uku ta fi wuyar gani, domin kalma ɗaya ce ke canza komai. Yarjejeniyar 1999 ta ce "tilasta wa" gwamnati. Dokar Birtaniya ta 2000 ta ce "yin tasiri a kan" gwamnati. Tilastawa na nufin an ɗora maka wuƙa a wuya. Tasiri kuwa shi ne sana'ar kowane ɗan jarida, kowane ɗan adawa, kowane mai rubuta takardar koke. Lauyan da ke bitar dokokin ta'addanci na Birtaniya mai zaman kansa ya ba da shawara a 2014 a sauya kalmar, bayan da aka tsare wani ɗan Brazil mai suna David Miranda, ƙarƙashin wannan doka, na kusan awa tara a filin jirgin Heathrow a 2013 saboda yana ɗauke da takardun da 'yan jarida ke aiki a kai.

Sai kuma laifukan da ke kewaye da babban laifin, waɗanda a aikace su aka fi gurfanar da mutane a kai: zama ɗan ƙungiya, ba da tallafi, yabawa, mallakar bayanin da "zai iya amfanar" ɗan ta'adda, rashin kai rahoto. Akwai dalili mai ƙarfi na kafa su. Babu hukumar da za ta jira bam ya tashi kafin ta kama mai haɗa shi, kuma wanda ya sayo takin da aka yi bam ɗin da shi, yana sane, ba shi da hujjar cewa hannunsa bai taɓa jini ba. Inda abin ke lalacewa shi ne idan aka cire sharaɗin niyya. A 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ko koya wa haramtacciyar ƙungiya yadda za ta kai kokenta ta hanyar lumana yana iya zama tallafin da doka ta hana. A Kamaru, an kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa a watan Yulin 2015. Kotun soja ta ɗaure shi shekara goma a 2017 bisa laifin da ya haɗa da rashin tona asirin 'yan ta'adda, kafin a rage hukuncin a sake shi a ƙarshen shekarar. Likita da ya ɗinke raunin mayaƙi, direban da aka tare aka tilasta masa ɗaukar kaya, manomin da ya biya haraji ga masu bindigar da ke riƙe da ƙauyensa don kada a kashe shi, duk suna faɗawa cikin irin wannan raga idan ba a rubuta togaciya ba. Sai a watan Disamban 2022 Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri na 2664 da ya keɓe ayyukan jinƙai daga takunkuman kuɗi, bayan shekaru ƙungiyoyin agaji suna kukan bankuna na ƙin tura musu kuɗi zuwa yankunan yaƙi.

Haramta ƙungiya ita ce hanya mafi gajarta, domin tana tsallake shari'a gaba ɗaya. Minista ya sa hannu, ko a je kotu ba tare da ɗaya ɓangaren yana nan ba, washegari zama ɗan ƙungiyar ya zama laifi. Daga nan mai gabatar da ƙara ba ya bukatar ya nuna ka cutar da kowa. Ya nuna kana ciki kawai. Jerin sunayen Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fara da ƙuduri na 1267 a 1999 ma haka ya fara: ƙasa ta miƙa suna, a rufe dukiyar mutum a duk duniya, ba a gaya masa hujja ba, babu inda zai ɗaukaka ƙara. Sai da Kotun Tarayyar Turai ta soke aiwatar da wannan a kan ɗan kasuwar Saudiyya Yassin Kadi a 2008, sannan aka kafa ofishin mai sauraron koke a 2009. Shiga jeri minti kaɗan ne, fita kuwa shekaru. Nelson Mandela ya zauna a jerin sa-idon Amurka har 2008, shekara 14 bayan ya zama shugaban Afirka ta Kudu.

Masu kare faɗaɗa iko suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce bincike kan ta'addanci ya bambanta da na kisan kai: ana kama mutum tun shiri bai nuna ba, kwamfutoci na kulle da lambobin sirri, shaidu na ƙasashen waje, kuskure ɗaya kuma rayuka ɗari ne. Duk gaskiya ne. Gwamnatin da ta kasa kare kasuwa da masallaci da coci da makaranta ta gaza a aikinta na farko, kuma waɗanda bam ya kashe su ma an tauye musu haƙƙi, mafi girma ma. Tambayar da ta rage ita ce ko ikon da aka ƙara yana kamo waɗanda ake nema. A nan alƙaluma ba su goyi bayan masu faɗaɗawa ba.

Sashe na 44 na dokar Birtaniya ta 2000 ya ba 'yan sanda damar tare mutum su caje shi ba tare da wani zargi ba. A shekarar 2009 zuwa 2010 an yi irin wannan caje sama da dubu ɗari, ba a kama ko mutum ɗaya kan laifin ta'addanci ba. Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce sashen ya saɓa doka a 2010. A Indiya, ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta TADA da ta yi aiki daga 1985 zuwa 1995, an kama mutum sama da dubu 70, waɗanda aka samu da laifi ba su wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Kimanin mutum 780 suka bi ta Guantanamo tun buɗe shi a Janairun 2002, mafi yawansu an sake su ba tare da an taɓa tuhumarsu ba. Rahoton Majalisar Dattawan Amurka na 2014 ya nuna cewa cikin mutum 119 da hukumar CIA ta tsare a ɓoye, aƙalla 26 bisa kuskure aka riƙe su.

Dalilin wannan lissafi ne kawai. Ɗauki gari mai mutum miliyan ɗaya, a ce akwai 'yan ta'adda ɗari a ciki. A ce hukuma na da hanyar tantancewa da ke dacewa sau 99 cikin ɗari, abin da babu hukumar da ta kai. Za ta gano 99 daga cikin ɗarin, amma za ta kuma nuna yatsa ga kusan mutum dubu goma da ba su ji ba ba su gani ba. Kowane ɗaya daga cikinsu sai an buɗe masa fayil, an ware masa jami'i, an ɓata sa'o'i a kansa. Raga mai faɗi tana cinye lokacin da ya kamata a ba wa 'yan kaɗan ɗin da ke da haɗari na gaske.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga alƙaluman 'yan sanda. Ranar 9 ga Agustan 1971 aka fara tsare mutane ba shari'a a Ireland ta Arewa, aka kwashe 342 a farmakin farko bisa jerin sunayen da ya tsufa, kusan duka daga ɓangare ɗaya na al'umma. Shekarar da ta biyo baya, 1972, ita ce mafi muni a duk rikicin, an kashe kusan mutum 500, ƙungiyar IRA mai yaƙar mulkin Birtaniya a yankin kuma ta cika da sababbin mayaƙa. Binciken da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017, bayan hira da tsofaffin mayaƙa a Afirka, ya gano kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka shiga da kansu sun ce wani aikin hukuma ne, kamar kashe ko kama ɗan uwa ko aboki, ya tura su ƙarshe. Mai dasa bam ya san ba zai ci ƙasa da bam ba. Abin da yake fata shi ne hukuma ta fusata ta yi wa unguwa kuɗin goro, uwar da da ita za ta kai rahoton ɗanta ta yi shiru. Bayanan sirri mafi amfani daga bakin maƙwabta suke fitowa, kuma su ne farkon abin da kamen kan mai uwa da wabi ke busarwa.

Azabtarwa ma a nan take, domin tsarewa ba lauya ba alƙali ita ce ɗakin da ake yinta. Sashe na 6 na dokar ta'addanci ta Afirka ta Kudu ta 1967 ya ba ɗan sanda ikon riƙe mutum har sai ya ba da amsar da ta gamsar. A ƙarƙashinsa Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, ya mutu a hannun 'yan sanda a Satumban 1977. Wanda ake gana wa azaba yana faɗin abin da zai sa a daina, ko gaskiya ko ƙarya. Ikirarin da aka tatsa daga wani fursuna ɗan Libiya, Ibn al-Shaikh al-Libi, cewa Iraƙi ta horar da al-Ƙa'ida, ya shiga jawabin Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, a Kwamitin Sulhu a Fabrairun 2003. Daga baya al-Libi ya janye shi. Mutum shida da aka ɗaure kan bama-baman Birmingham na 1974 sun yi shekara 16 a kurkuku kafin a wanke su a 1991, kuma duk tsawon lokacin nan fayil a rufe yake, ba a neman masu laifin na ainihi.

To, gwamnati fa, tana iya zama 'yar ta'adda? A ma'anar harshe babu musu. Sojojin da suka mulki Ajantina daga 1976 zuwa 1983 sun ɓatar da mutane don sauran su tsorata; hukumar bincike ta tabbatar da kusan dubu tara, ƙungiyoyin kare haƙƙi na cewa dubu 30. A shari'a kuwa irin waɗannan ayyuka suna da wasu sunaye: laifin yaƙi, laifin cin zarafin bil'adama. Ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya haramta harin da babban nufinsa yaɗa tsoro tsakanin farar hula, kuma kotun duniya kan tsohuwar Yugoslabiya ta hukunta Janar Stanislav Galić a 2003 kan wannan laifi a Sarajebo. Don haka ba gaskiya ba ne a ce doka ta ƙyale gwamnatoci. Bambancin yana wajen saurin hukunci. Wanda aka kira ɗan ta'adda, a ranar ake rufe asusunsa; jami'in da ya yi irin aikinsa sai gwamnatinsa ta faɗi, wani lokaci sai bayan shekara ashirin.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sa wa ido shi ne kalmar "wucin gadi". Dokar Birtaniya ta 1974 da wannan suna aka haife ta, aka riƙa sabunta ta har 2000, sannan aka mai da ita ta dindindin. Ta Siri Lanka ta 1979 shekara uku aka ba ta, a 1982 aka cire wa'adin. Masar ta zauna cikin dokar ta-ɓaci daga 1981 zuwa 2012. Faransa ta ayyana tata a Nuwamban 2015, cikin makonni aka yi amfani da ita wajen yi wa masu fafutukar muhalli ɗaurin talala lokacin taron sauyin yanayi na Paris, kuma da aka ɗage ta a 2017 an riga an kwashe manyan sassanta an zuba a dokar yau da kullum. Izinin yaƙin da majalisar Amurka ta bayar a Satumban 2001, jimla ɗaya mai kalma 60, an kafa hujja da shi a Yaman da Somaliya da Siriya, har a kan ƙungiyar IS da ba ta wanzu ba lokacin da aka rubuta shi. Dalilin ɗorewar a bayyane yake: babu ɗan majalisar da ke son a ce shi ya soke dokar, sannan wata guda bayan haka bam ya tashi.

Duk da haka ana iya ja da baya, an kuma yi. Majalisar Birtaniya ta ƙi amincewa da tsarewar kwana 90 da Tony Blair ya nema a 2005, ta tsaya a 28, a 2011 aka dawo 14. Habasha ta maye gurbin dokarta a 2020 da wadda ta keɓe yajin aiki. Abubuwan da suka yi aiki a irin waɗannan wurare sanannu ne: alƙali, ba minista ba, shi ke tsawaita tsarewa, kuma sai ya ga wanda ake tsare da idonsa, lauya na shiga tun kwanakin farko, ikirarin da ba a naɗa da kyamara ba kotu ba ta karɓa, wanda aka sa a jeri yana da kotun da zai je ya ga taƙaitaccen abin da ake zarginsa da shi. Wa'adin ƙarewa kuma ba ya da amfani idan sabuntawar ɗaga hannu ce kawai. Yana aiki ne idan doka ta tilasta wa hukuma ta ajiye wa majalisa lambobi uku kafin a kaɗa ƙuri'a: mutum nawa aka kama da wannan sashe a bana, nawa aka gurfanar, nawa kotu ta samu da laifin ta'addanci. Irin waɗannan lambobi ne, da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta wallafa da kanta, suka taimaka wajen binne sashe na 44, wanda aka soke gaba ɗaya a 2012.